Na Daina Cin Nama Amma Ƙamshin Tsire Ya Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na cima da lafiya. Saƙonni uku na ɗauko a wannan makon kuma duk magana ɗaya suke yi, mutanen da suka bar nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya suka koma abin da ƙasa ta fitar kawai, tsarin da ake ce wa bigan. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min da shawara nidai abin ya isheni. Shekarata 31, ina da aure da yara biyu, ina aiki a nan Kaduna. Tun bayan ƙaramar sallah na yanke shawarar barin nama da duk wani abu da ya fito daga jikin dabba, dalili kuwa babanmu hawan jini da ciwon suga ne suka yi ajalinsa, yayata ma yanzu kullum cikin shan magani take, ni kuma ga ƙiba ta fara min yawa, sai na dinga kallon bidiyo a YouTube na masu cewa sun bar nama sun samu lafiya nace nima bari in gwada. Da farko lafiya lau har ina jin jikina sakayau. Amma wlh Anti yanzu kullum cikin tunanin nama nake. Da safe shayi ba madara da biredi, da rana salak ko kankana da ayaba a ofis, da daddare in ɗan taɓa tuwo da miyar da na ware tawa daban ba nama. Matsalar in na taso daga aiki akwai wani mai tsire a bakin layinmu, ƙamshin nan in ya dakeni sai inji kamar in yi kuka, ranar nan bansan sanda na tsaya na saya na cinye a mota kafin in shiga gida ba, bayan nan haushin kaina ya hanani barci. Ga biki ga suna duk inda kaje nama za a tura maka, surukata har tambayar maigidan tayi ko wani abu ke damuna, wata ƙawata kuma tace haramta halal nake yi. Ga babbar sallah na tahowa. Rashin ƙarfin zuciya ne ko jikina ne yake neman naman? Ko in haƙura kawai?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya ba yayarki lafiya mai ɗorewa.

Kin san me na fara dubawa a saƙonki? Abin da kike ci daga safe zuwa dare. Shayi da biredi, salak da kankana, sai ɗan tuwo. Ƙanwata yunwa ce ke damunki. Mace mai yara biyu mai fita aiki tun safe ta wuni a kan wannan cimar ai dole ƙamshin tsire ya sa ta kuka, ko ni ce haka zai min. Kin cire nama da ƙwai da madara daga kwanonki amma ba ki saka komai a gurbinsu ba, ganye da kayan marmari kuma suna cika ciki na ɗan lokaci ne kawai, mafi yawansu ruwa ne, bayan awa biyu ciki ya koma wayam. Saboda haka ki daina zagin kanki, wannan ba irin kwaɗayin da ake cewa mabuɗin wahala ba ne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Babban mutum yana buƙatar wajen giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In nauyinki kilo 70 ne kinga wajen giram 56 kenan. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen giram 13, gyaɗa cikin tafin hannu wajen giram 7, awara giram 100 tana ba da giram 10 ko sama da haka gwargwadon yadda aka matse ta. To a wannan cimar taki ina waken, ina gyaɗar, ina awarar? Babu ko ɗaya. Abin da yake bani takaici da waɗannan bidiyoyin shi ne suna sa mutanenmu su ɗauka sai da abincin Turawa ake wannan tsarin, wani ganye da ba a samunsa sai a babban kanti, wata madarar kwali mai tsadar gaske, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita, ki shiga kasuwar Dawanau a Kano ki ga buhunan wake da waken suya da riɗi da gujiya. Iyayenmu a ƙauye sai su yi kwana da kwanaki ba su ga tsokar nama ba kuma su wuni a gona, saboda cimarsu ɗan wake ce da alale da ƙosai da tubani da faten wake da garau-garau da kwaɗon rama da kwaɗon zogale da ya ji ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa. Duk waɗannan in ba a sa ƙwai ko kifi ko man shanu ba sun shiga tsarin da kike bi. Kuma haɗa hatsi da wake da muke yi tun kaka da kakanni yana da amfani a kimiyance, abin da furotin ɗin wake ya gaza a kai hatsi yana cikawa, abin da hatsi ya gaza wake ya cika, ba ma sai a kwano ɗaya ba, in dai an ci su a wuni guda ya wadatar.

Don haka gyara na farko daga karin kumallo zai fara. Ki ajiye biredin nan ki koma ƙosai da kunun gyaɗa ko koko, ko alale, ko ɗumamen tuwo da miyar taushe da ta ji gyaɗa. Da rana ki tafi da kularki ofis, wake da shinkafa da mai da yaji da ɗan salak a gefe, ko dambu da zogale da gyaɗa, abinci dai mai riƙe ciki. Sannan abin da na fi so ki riƙe, kafin ki taso daga aiki da kamar rabin awa ki ci wani abu, gyaɗa ko dafaffiyar gujiya ko ƙuli-ƙuli ko kantu, ki bi da ruwa. Wadda ta wuce gaban mai tsire da ƙoshi da wadda ta wuce da yunwar tun azahar ba hanci ɗaya suke shaƙar ƙamshin da shi ba. In akwai wata hanyar shiga layinku ki bi ta na ɗan lokaci, ba abin kunya ba ne. Shi irin wannan marmarin tasowa yake ya yi ƙarfi sannan ya lafa, ba ya zama a sama har abada, in kin shiga gida kin yi wanka kin yi magariba sau da yawa za ki ga ya wuce. Ki kula da barcinki ma, rashin barci yana ƙara yunwa da son maiƙo da zaƙi, wannan an tabbatar.

Wake yana kumbura wa wasu ciki musamman in an ƙara yawansa rana ɗaya. Ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan, ki dafa ya dahu luguf, ki dinga ƙarawa kaɗan kaɗan, ciki yana sabawa.

Yanzu shi kansa tsiren. Ki zauna ki tambayi kanki me kike nema a jikinsa. Akwai maiƙo, akwai gishiri, akwai yaji, akwai ƙamshin hayaƙin garwashi lokacin da kitse ke ɗiga yana cuwai, akwai kuma taunawar. Rabin daɗin tsire a yajin yake, shi kuwa yajin tsire ƙuli-ƙuli ne da citta da barkono da masoro da kanumfari, babu dabba a ciki sai dai in an sa magi mai ɗanɗanon kaza ko na shanu, wannan sai ki karanta jikin kwalin. Ga abin da nake koya wa mata. Ki samu awara mai tauri wadda ba a soya ba, in an samu wuta ki sa ta a firiza ta kwana ta daskare, da safe ki fito da ita ta saki, sai ki sa tafin hannu biyu ki matse ruwan tas, za ki ga ta yi ƙofofi ƙanana kamar soso kuma ta yi danƙon da haƙori zai samu abin ja. Ki yanka ta falle-falle, ki shafa man gyaɗa, ki mulmule ta cikin yajin ta ko'ina, ki jera a tsinke ki ɗora a waya bisa garwashin da ya ruru ya daina hayaƙi mai yawa, kina juyawa kina ɗan yayyafa mai har gefen ya fara ƙonewa kaɗan. Ki sauke ki yanka albasa da tumatir da kabeji, ki naɗe a takarda ma in kina so. Ba zan ce miki nama ce ba, wanda duk ya ce miki ba bambanci ƙarya yake, amma tana kashe ƙishin sosai kuma yaranki za su yi ta wawaso. A miya kuma abin da zai rufe miki gurbin nama daddawa ce. Wannan zurfin ɗanɗanon da romon nama ke bayarwa ita ma kalwa in ta ruɓa ta zama daddawa tana bayar da irinsa, ki daka ta da albasa ki soya a mai kafin ki zuba ruwa, ki soya tumatir ya soyu sosai har mai ya taso, miyar kukarki ba za ta yi salam ba.

Sai dai tunda saboda hawan jini kika fara wannan tafiyar dole in ja kunnenki. Barin nama kaɗai ba ya sauke jini in gishiri da magi sun yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan bai ma cika ba, har da wanda ke cikin magi da biredi da yaji. Lemon kwalba da farin biredi da soyayyen dankali duk mutum zai iya cinsu ya ce bai taɓa dabba ba, kuma su ne kan gaba wajen ƙiba da suga. Kada ki gudu daga tsire ki faɗa kaskon suya kullum.

Akwai magana guda da ba na sassauci a kanta, bitamin B12. Wannan ba ya cikin wake, ba ya cikin zogale duk da yadda ake yabonsa, kada kuma ki dogara da daddawa ko wani garin ganye da ake tallatawa a intanet. Ƙananan halittu ne irin bakteriya suke samar da shi, mu kuma muna samunsa ta nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Abin da jiki ke buƙata kaɗan ne, wajen maikirogiram 2.4 a rana (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma hanta tana ajiye shi na shekaru, shi yasa mutum zai daɗe yana jin garau kafin abin ya bayyana, in ya bayyana kuwa sai ƙarancin jini da kasala da mantuwa da jin tafin ƙafa da yatsu suna dindiris ko suna tsira-tsira, in aka yi sake lahanin jijiya ba lallai ya warke duka ba. Ita kanta ƙungiyar 'yan bigan ta Ingila, wadda su Donald Watson suka kafa a 1944, shawararta ga mabiyanta ita ce su sha ƙwayar B12 ta maikirogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a mako. Ki je kemis ki nemi B12 da sunansa, ki duba adadin a jikin kwalba, don wasu ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan bi-kwamfiles ɗan kaɗan ne a cikinsu. Ki gaya wa yayarki ma in tana shan maganin suga na metformin, shi ma in an daɗe ana sha yana rage B12, ta yi wa likitanta maganar.

Sai ayon, sinadarin ƙara jini. Mace mai al'ada tana buƙatar wajen miligiram 18 a rana, kuma na jikin tsirrai jiki bai iya zuƙarsa kamar na nama. Yana cikin wake da waken suya da riɗi da ganyen kuka da zogale da alayyahu. Dabarar ita ce ki haɗa da abu mai bitamin C, ki matsa lemon tsami a kwaɗo, ki ci lemon zaƙi ko gwaiba bayan wake. Shi kuwa shayin nan naki yana tare ayon ya hana shi shiga jiki, ki ba shi tazarar awa guda da abinci. Gishirin da za ki dinga saya kuma ya zama mai aidin, sinadarin nan da rashinsa ke kawo maƙoƙo.

Kin tambaya ko jikinki ne yake neman naman. Galibi marmarin wani abinci takamaimai sabo ne da yunwa da ƙamshi, ba wai jiki ya auna abin da ya rasa ba ne ya aiko saƙo. Amma tunda kin ɗan jima a kan cimar da ba ta ishe ki ba, ki je a yi miki gwajin jini, a auna hawan jininki da suga a lokaci guda, sai ki san inda kike.

Ranar da kika ci tsire a mota kuwa ki bar ta ta wuce. A 2014 wata ƙungiya a Amurka da yanzu ake kira Faunalytics ta yi bincike a kan mutum sama da dubu 11, ta gano kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka taɓa barin nama sun koma ci, da yawansu tun shekara ba ta zagayo ba, kuma can ne fa inda kantuna ke cike da kayan 'yan bigan. Abin da ke kayar da mutane shi ne tunanin tunda na karya shikenan komai ya rushe, sai a saki gaba ɗaya. Tsinke biyar na tsire ba su goge waken da kika ci sati guda ba.

Maganar ƙawarki. Fatawa ta malamai ce kuma ina so ki kai musu tambayar, amma abin da aka karantar da mu shi ne Allah ya hana mu haramta daɗaɗan abubuwan da ya halatta mana, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 87, kuma Annabi SAW bai yarda da sahabban da suka ce za su bar nama da aure da barci don ƙarin ibada ba. To amma wanda ya ce nama halal ne ni dai na bar shi saboda lafiyata, daban yake da wanda ya ce cinsa laifi ne ko barinsa ibada ce. Mai ciwon suga da ya bar zuma ai ba wanda ya ce ya haramta ta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma an kawo Sayyidina Umar yana gargaɗin mutane da yawan cin nama, yana cewa yana da sabo irin sabon giya. Kinga wannan jan da kike ji an san da shi tun tuni.

Surukarki kuma ki je da kanki ki same ta, kada ki bar maigida ya yi miki bayani. Ki ce Mama kin san ciwon da ya ɗauki babanmu, tsoro nake ji shi yasa nake kiyaye cimata. Babu uwar da za ta ji wannan ta ƙi fahimta, abin da ke tayar musu da hankali shi ne su ga an ture kwanonsu ba bayani. A gidan biki ki ci abincinki kafin ki fita, in an kawo ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ci waina ko shinkafar, naman ki juye wa yara ko ki ƙulle ki taho da shi gida, ba sai kin yi wa kowa lacca ba.

In kuma ra'ayina kike so, ga shi. Tunda lafiya ce ta kawo ki ba wani abu ba, ba dole sai kin bar komai ɗari bisa ɗari za ki cimma burinki ba. A 2015 sashen binciken cutar kansa, wato ciwon daji, na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi, su sosej da naman gwangwani har da busasshen nama ɗan'uwan kilishinmu, a cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, jan nama kuma a cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa, kuma magana ce ta yawan ci kullum. Tsarin cimar da likitoci suka fi ba masu hawan jini shawara a kai ya cika da ganye da wake da hatsi da kayan marmari amma bai hana kifi da kaza da nono marar maiƙo ba. Saboda haka in kika ce kwana shida tsirrai, ranar Juma'a kifi ko ƙwai, da babbar sallah ki ci 'yar hantarki da tsoka biyu uku tare da iyalinki ki tsame hannu, wallahi ba ki faɗi ba, kuma na fi ganin wannan zai kai ki shekara goma. In kuma zuciyarki ta tsaya a kan bari gaba ɗaya, hakan ma yana yiwuwa lafiya lau, da sharaɗin ki ci ki ƙoshi ki sha B12 ɗinki. Tun kafin ranar sallah ki tanadi awararki da yajinki, a gasa taki a gefen garwashin da ake gasa naman, kada ki zauna a ɗaki ke kaɗai ana hira a tsakar gida.

TAMBAYA TA BIYU

Anti barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Ingila ina digiri na biyu. Abokan zamana a gida suka ja ni muka shiga wannan abin na watan Janairu da ake barin kayan dabba wata guda, kuma gaskiya na ji daɗinsa har ina so in ci gaba, don na ga yadda ake kiwon kaji da shanu a manyan gonakin nan abin bai kwanta min ba. Amma ni ba bogar su ko cukwinsu nake marmari ba, fura da nono nake mafarki wlh, da kilishi. Naman bogi na kanti kuma ga tsada ga shi baya min daɗi. Ya zanyi?

Wani ɗalibi daga Birmingham

AMSA

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da kuka shiga shi ne Veganuary, a nan Ingilan aka fara shi a 2014. Tausayin dabba kuma abu ne mai kyau, addininmu ma ya yi umarni da kyautata mata har a wajen yanka.

Amma ka lura da abin da ka lissafo, fura da nono da kilishi. Tun kafin Janairu ma ai ba samunsu kake a Birmingham ba. Ina ganin rabin abin kewar gida ce, ga sanyi ga duhu tun la'asar ga kaɗaici, sai zuciya ta tafi wajen abin da ta saba sha a inuwa da rana tsaka. Maganin wannan ka dafa abincin gida ka kira 'yan'uwa ku ci tare. Shagunan 'yan Afirka a garinku, ko unguwar Peckham in ka shiga Landan, ana samun wake da manja da agushi da kuɓewa da daddawa, sai dai ka tambaye ta da sunan iru kamar yadda Yarbawa ke kiranta. Shagunan Indiyawa kuma akwai garin gero, bajra suke ce masa. Ka kwaɓa shi da citta da kanumfari da ɗan barkono, ka cura ka dafa a tafasasshen ruwa, ka kirɓa ko ka sa a bilenda, furarka ta samu. Nonon kuma ka sayi yogot ɗin waken suya wanda ba suga, yana da tsami don da irin ƙwayoyin da ake yin yogot ake yinsa, ka ƙara ruwan sanyi da ɗan lemon tsami ka dama. Ba zai kai kindirmon Fulani ba amma zai kai ka kusa da gida.

Kilishi dai ka haƙura, ban san abin da ke maye gurbinsa da gaske ba, kuma kada ka sa wani ya taho maka da shi a jaka, dokar ƙasar ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Ka sa a aiko maka da yajin kawai ka bi hanyar awarar da na faɗa a sama, tofu suke ce mata a can kuma tana da araha. Naman bogin nan na kanti ba dole ba ne, da yawansu ma gishiri ya musu yawa. In ka gaji da girki ka nemi gidan abincin Habasha, Kiristocin Orthodox na can suna azumin barin kayan dabba duk Laraba da Juma'a da kuma kwana 55 kafin Ista, shi yasa suka ƙware a miyar wake iri-iri mai yaji da za ta dace da harshenka.

B12 kai ma ya hau kanka. Madarar waken suya ko ta oat da za ka saya ka duba an ƙara mata B12 da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da aidin, don ba duka ake ƙara wa ba. Sannan hukumar lafiyar Ingila tana ba mutane shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a lokacin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara.

TAMBAYA TA UKU

Hajiya ina wuni. Matata ta bar cin nama da ƙwai da madara tun kafin ta samu ciki, yanzu tana shayar da jaririnmu ɗan wata huɗu. Bata marmarin nama ko kaɗan, amma ƙanƙara take tauna wuni guda, kwanan nan kuma na ganta da farar ƙasa. Tana yawan jiri tace ƙafarta na mata dindiris. Tace kwaɗayin jego ne zai wuce. In barta?

Wani magidanci daga Abuja

AMSA

Malam kada ka bar ta, a wannan satin ku je asibiti ita da jaririn. Taunar ƙanƙara da cin ƙasa su ne marmarin da likitoci suka sani yana tafiya da ƙarancin ayon a jiki, ga jiri kuma, ga ta fito daga ciki da haihuwa da suke cin jini. Dindiris ɗin ƙafa kuma yana iya zama B12 ne ya yi ƙasa. Ku gaya wa likita ƙarara cewa ba ta cin komai na dabba da kuma tun yaushe, ku roƙa a duba yawan jini da ayon da B12 kowanne da sunansa, domin folik asid da ake ba mata a wajen awo yana iya gyara jinin a ido ya ɓoye ƙarancin B12 alhali jijiya na cutuwa.

Abin da ya fi tayar min da hankali jaririn ne. Duk B12 ɗinsa daga nonon uwa yake samu, mai shayarwa tana buƙatar wajen maikirogiram 2.8 a rana, in ita ba ta da shi shi ma babu, kuma shi ba shi da ajiyar shekaru irin ta babba, ga ƙwaƙwalwarsa yanzu take ginuwa. In ka ga yana yawan barci fiye da da, ko jikinsa ya saki, ko ya rage kama nono, ko ya daina murmushi da wasan da ya fara, kada ku jira gobe. In an gano da wuri allura ko ƙwaya ce kawai. Kada ta yaye shi ko ta daina ba shi nono saboda wannan, kuma kada a ba shi madarar waken suya ta gida ko kunun aya a madadin nono, ba abincin jariri ba ne.

Farar ƙasar ta ajiye ta daga yau, tana ƙara tare ayon a hanji, kuma ana samun dalma da ƙwan tsutsa a cikin wasu. Kai kuma kada ka shiga da faɗa ko ka ce dole sai ta ci nama, in ka yi haka ɓoye maka za ta fara yi. Ka ce mata lafiyar yaron za a duba, ka ɗauki hutun rabin wuni ka kai su da kanka, ku tafi da katin awonta da duk magungunan da take sha a leda likita ya gani.